Kuɗin dare ɗaya da zumuncin shekara arba'in

Duk wanda ya bi ta Kakuri ko Sabon Tasha a Kaduna da yamma ya san 'yan rumfunan da ake buga cacar lambobi ta Baba Ijebu, ban da samarin Rigasa da Tudun Wada da ke yankar tikitin ƙwallo a waya. Ka tambayi kowannensu abin da zai yi in ya ci, kusan amsa ɗaya za ka ji: zai gina wa Inna gida, ya aurar da ƙanne, ya ja wa Yaya jari. Niyyar ta zumunci ce. Amma a ganina, cikin duk kuɗin da ke shiga hannun mutum babu wanda ya kai wannan saurin kashe zumuncin.

Lissafin kansa bai goyi bayan mai bugawa ba. A wasan da ake zaro lamba 5 cikin 90, wanda ya zaɓi lamba biyu yana fatan su fito tare, damarsa ɗaya ce cikin 400. Abin da aka saba biya kuwa ninki 240 ne. Wato duk naira 100 da jama'a suka zuba, kusan 60 ce ke komowa hannunsu. Dacewa da lambobin biyar duka, ɗaya ce cikin 43,949,268. Mai zuba naira 500 kullum ya zubar da 182,500 a shekara, kuma galibi daga kuɗin cefane take fita. Tun kafin a ci, an fara rigima da uwargida.

A ce an ci ɗin. A gidan Musulmi a nan ake fara rabuwa. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca, ta 91 kuma ta faɗi abin da take haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane. Malamai sun ce irin wannan dukiya ba a mallakar ta, ba a yi mata zakka, sai dai a tuba a fitar da ita ga amfanin jama'a. Sai mahaifi ya ce kada kwabo ya shigo masa gida, babban wa ya karɓa a ɓoye, mata ta shiga tambayar ko ya halatta ta dafa shinkafar da aka sayo. Gida ya kasu biyu, kuma kowane ɓangare na ganin shi ne a kan daidai.

Ko a gidan da ba a damu da wannan ba, akwai wata matsalar. Kuɗin gumi yana da kwarjini; ba kowa ke iya cewa ɗan kasuwa ya taɓa jarinsa ba. Wanda ya zo a banza kuwa, kowa na ganin garaɓasa ce ta faɗi, yana da kaso. Kuma dangi jimillar farko suke riƙewa, ba sa rage abin da ya fita. Wanda ya samu miliyan 20, in ya ba mutum 30 naira dubu 200 kowanne, miliyan 6 ta tafi. Shi yana ganin ya yi bajinta, su kuma kowa na lissafin cewa ɗaya bisa ɗari aka ba shi. Bayan wata shida in ya ce babu, ba mai yarda.

Wannan ɓangaren ya shafi har kuɗin halak da ke zuwa a dunƙule, irin su giratuti, gado da diyyar fili, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Abu na farko shi ne kame baki. A jihar da ta sha fama da masu garkuwa da mutane, labarin kuɗi ba a dangi yake tsayawa ba. A bar kuɗin ya yi kamar wata uku ba a taɓa ba, kuma kada a tara shi a banki ɗaya: inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar banki, miliyan 5 take rufewa ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, kuma waɗanda suka ajiye fiye da haka a Heritage Bank sun ga jira bayan an soke lasisinsa a Yunin 2024. Sai a biya bashi. Daga nan a yanke kason dangi sau ɗaya, ko ɗaya bisa goma ne, a gaban dattijon da kowa ke jin nauyinsa, a fara da iyaye. Duk abin da aka miƙa a faɗi sunansa, kyauta ce ko rance. In rance ne a rubuta da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta umarta. Mafi yawan gabar 'yan'uwa daga nan take, ɗaya na cewa aro ya bayar, ɗaya na cewa ihsani aka yi masa. Kuɗin makaranta ko na asibiti a biya can kai tsaye. Fili kuwa kada a biya sai an duba takardunsa a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna. Barin aiki kuskure ne babba, domin a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kuɗin da ke kwance narkewa yake yi.

To kuɗi na kawo farin ciki? Ba na cikin masu cewa a'a, wanda ya kwana da yaro cikin zazzaɓi babu na magani ya san amsar. Binciken 1978 a Amurka kan mutum 22 da suka ci caca bai same su sun fi sauran jama'a farin ciki sosai ba. Wani mafi girma da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2020, ya gano cewa gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru har fiye da shekara goma, amma walwalar yau da kullum ba ta motsa sosai ba. Sai dai a Suwidin hukuma ce ke ɗaukar nauyin mara lafiya da tsoho. A Kaduna dangi ne ke yin wannan aikin: su ke jinya, su ke haɗa kuɗin fansa, su ke riƙe marayu. Miliyan 20 ba za ta biya aikin da suke yi na shekara arba'in ba, kuma wanda ya ɓata da su a watan da ya samu, ƙofarsu zai koma ƙwanƙwasawa a watan da ta ƙare.