Wa ya rubuta darasin da ake koya wa yaran?

Wani labari da na gani ya ce kamfanonin fim da waƙa taimako suke yi da suke ba makarantun Amurka darussan haƙƙin mallaka kyauta, amma bai faɗi abin da ake cirewa daga darasin ba. A 2003 ƙungiyar kamfanonin fim ta MPAA ta haɗa kai da Junior Achievement, ƙungiyar da ke koya wa ɗalibai harkar kasuwanci, suka shiga azuzuwa, kusan duk saƙon shi ne sauke fim daga intanet sata ce. A 2013 aka sake tsara irinsa don 'yan firamare a Kalifoniya. Alhali dokar Amurka ta 1976, a sashe na 107, ta ba da damar ɗauko yanki daga aikin wani don koyarwa, sharhi ko bincike ba sai an nemi izini ba, kuma aikin da wa'adin kariyarsa ya ƙare ya zama na kowa. Yaron da aka ɓoye wa wannan zai taso yana tsoron kawo ko layi biyu na marubuci a jingarsa. A Kanada ma Access Copyright, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta da masu buga littattafai kuɗin haƙƙin mallaka, ta fito da Captain Copyright, wani jarumin zane mai koya wa yara haƙƙin mallaka, a 2006, aka yi mata ca, ta janye shi a 2007. Duk wanda ya ce satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, gaskiyarsa, abin yana min ciwo. Amma mai cin ribar doka ne zai zaɓa wa yara ɓangaren da za su sani? Me ya hana a ba malaman makaranta da masana shari'a aikin rubuta manhajar?