Daren da na je kallon duhu

Tunda labarin ya riga ya kai har kasuwar Gujungu, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara ku ji daga bakina.

Abokin nan nawa na Baturiya, mai raka baƙi kallon tsuntsaye, shi ya ba ni aron madubin hangen nesansa. Ni kuma tun lokacin sanyi nake jiran hazo ya ɗauke in ga wasu taurari huɗu da ke can ƙasa-ƙasa ta kudu. Masana na kiransu Crux, su ne mafi ƙanƙanta a cikin rukunai 88 da aka kasa sama, su ne kuma a jikin tutar Ostareliya da ta Burazil. Mutumin Ingila ko zai shekara yana ɗaga kai a ƙofar gidansa ba zai gan su ba. Mu nan a watan Afrilu, wajen sha ɗaya da rabi na dare, suna miƙewa tsaye, sai dai in ka miƙa hannu ka auna, tsayinsu daga ƙasa bai wuce dunƙule biyu ba. Katangar maƙwabci ma ta isa ta rufe su. Shi ya sa na fita bayan gari na hau tsibin takin da aka jibge a gonar Alhaji, daga ni sai singileti da tsohon wandon nan nawa mai ruwan ƙasa, saboda zafi. Wa ya ce Alhaji ya kafa turken shanun huɗarsa a daidai kudu?

Na gan su kuwa. Kusa da tauraron da ke hannun hagu akwai wani ɗan ɗigo dishi-dishi, da ido sai ka ce tauraro ɗaya ne. Ina ɗora madubi sai ya tarwatse ya zama tarin taurari a cunkushe, farare masu shuɗi-shuɗi, da guda mai ɗan ja a tsakiyarsu. Shi ne Akwatin Lu'ulu'u, taurari sama da ɗari a wuri ɗaya, haskensu ya fi shekara 6,000 a hanya. Ina cikin gangaro da madubin a hankali in nemo abu na biyu da na fito nema, sai tocila ta dalle ni a fuska.

"Kai! Ko motsi ka yi sai gawarka. Ɗaga hannu!"

Na ɗaga. To zariyar wandon nan dama ƙulli ɗaya ke riƙe da ita, kuma na daɗe ina gaya wa uwargida. Ina ɗaga hannu na ji ta saki. Jama'a, ku tsaya ku duba lamarin da kyau. Ina bisa tsibin taki, wato kowa daga ƙasa yake hangena. Tocila uku a kaina. Sarkin Baka ya saita ni da adakar nan tasa da ba wanda ya san ranar da ta yi tashin ƙarshe, amma ba ni za a gwada ta a kai ba. In na sauke hannu, harbi. In na bar shi a sama, wando. Sai na ware ƙafafu na ɗan durƙusa don gwiwa ta tare shi, na tsaya a haka, madubi na lilo a wuyana, taki na zamewa a ƙarƙashina ina bin sa sannu-sannu. Duk taku ɗaya da na zame, wandon ma sai ya yi nasa. Na ce, "Baba, a yi mini izinin hannu ɗaya." Ya ce, "Don ka zaro me?" Wani daga baya ya ce, "Ai kuwa ya kusa zarowa da kansa."

Muryar nan ko cikin barci na san ta. Taubashina ne. Kun san shi, ba sai na kama suna ba.

Sarkin Baka ya ce, "Ka san shi ne?" Mutumin nan da muka tashi gida ɗaya, muka ci tuwo a akushi ɗaya gaban kakarmu, sai ya matso ya haska ni daga sama har ƙasa, ya ƙara daɗewa a ƙasan, ya ce, "Muryar dai ta yi kama da ta malamin firamare, amma Malam mutum ne mai kamala, ba ya fita haka."

Wannan fa shi ne wanda ya ari injin feshina da damina ya dawo da shi babu tiyo, ya ce haka na ba shi. Shi ne ranar sunan 'yata ya zo da roba a cikin riga. Bara da akuyarsa ta shiga gonar Liman, wa ya je ya tsuguna ya ba da haƙuri? An ce wasan taubasai ne, a yi dariya a wuce. Wasan ya tsaya a karɓar kuɗin shara mana, me ya kawo shi gaban bindiga? Sintirin ma ba don kishin gari ya shiga ba, shayin da ake dafa musu ne ya kai shi, kowa ya sani.

Allah Ya taimake ni akwai wani yaro cikinsu da na koyar a aji biyar, shi ya ce, "Baba, wallahi Malam ne." Aka ba ni izinin hannu ɗaya.

Sarkin Baka ya ce, "To Malam, me kake leƙe a turken Alhaji da tsakar dare?" Na ce ba shanu nake kallo ba, akwai wani gajimare ne na ƙura da iska can gefen taurarin, ana ce masa Buhun Gawayi, tsakaninmu da shi tafiyar haske ta wajen shekara 600. Ba ya haske ko kaɗan. Yana tare hasken taurarin da ke bayansa ne kamar yadda hazo ke tare rana, don haka ana gane shi da wurin da ya yi baƙi ƙirin alhali kewayensa cike yake da taurari.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato abin da kake nema, in ka gan shi, ba ka ga komai ba."

Na ce kusan haka ne, Baba.

"Ka baro duhun ɗakinka, ka tsallake duhun gari kaf, ka zo gonar mutane neman wani duhun."

Na ce zan nuna musu, amma sai an kashe tocila duka an jira kamar minti ashirin ido ya saba. Ban taɓa jin dariya irin ta daren nan ba, har karnukan rugar Fulani suka amsa. Taubashina har da zama a ƙasa. "Baba ka ji, mu kashe fitila mu rufe ido, in ya so gobe mu je Maigatari mu sayo shanun Alhaji."

Sarkin Baka ya karɓi madubin ya kafa a ido ta baya, ya ce shanun sun yi nisa, yaron ya juya masa. Aka haska turke. Sai ga bajimin Alhaji ya cika masa ido har yana ganin kaska a kunnensa. Ya ja da baya ya ce, "La ilaha illallahu! Ga shaida kuwa." Na ce Baba ɗaga sama kaɗan. Kafin a gama wannan gardama taurarin sun karkata yamma sun shige bayan kukar gonar. Yaron dai ya hau takin ya leƙa ta gefen reshe, ya ce ya ga tarin, har da jan. Aka ce ɗalibinsa ne, tsoron bulala yake ji.

Na gaya musu wani Bafaranshe mai suna Lacaille ya je har Afirka ta Kudu ya gano tarin nan tsakanin 1751 da 1752, daga baya John Herschel na Ingila ya kwatanta shi da kayan ado sunan ya bi shi, kuma duniya na girmama su har yau. Sarkin Baka ya ce su ma da a gonar Alhaji ya same su da sun yi bayani.

Da safe Mai Unguwa ya kashe maganar cikin minti biyar, rabinsu ma dariya yake ƙunshewa da hannun riga. Sai dai madubin yana wurin Sarkin Baka, wai ana bincike, kuma an ce jiya an gan shi da shi yana duba tantabarunsa. Yaran aji uku in na juya allo sai in ji wani ya ce, "Malam, nawa buhu?" Na san wanda ya koya musu.

Mai madubi ya kira ni ɗazu ban ɗauka ba. In wani cikinku zai bi ta gidan taubashin nawa, ya ce masa ina nan ina jiran tiyon feshina, damina ta kusa.