Zuwa na ɗaya ba shi ne kafa gwamnati ba

Sau da yawa bayan zaɓe a ƙasa mai tsarin firaminista, sai ka ji ana cewa an yi wa jam'iyyar da ta zo ta ɗaya fashi, wai don waɗanda ke bayanta sun haɗa kai sun kafa gwamnati. Maganar nan tana damuna, ko da yake na san inda ta samo asali: wanda ya saba da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, gani yake mai rinjayen ƙuri'a shi ke hawa kujera.

A wannan tsari, 'yan majalisa jama'a ke zaɓa. Mulki kuwa na wanda ya tara fiye da rabin kujeru ne a bayansa, domin in babu su, ko kasafin kuɗi ba zai wuce ba.

Dubi Niyu Zilan a 2017. Kujeru 120 ne a majalisa. Jam'iyyar National ta samu 56, jam'iyyar Labour 46. Sai Labour ta daidaita da wasu jam'iyyu biyu, New Zealand First mai 9 da Greens mai 8, suka tashi 63, shugabar Labour, Jacinda Ardern, ta zama firaminista. National ta fi kowa kujeru, amma 61 ake buƙata, kuma ba ta samu abokan da za su cike mata giɓin ba.