Ragon Tanko Ya Kama Zagaye

(Ranar kasuwa, a gindin tsamiya. Tanko baƙauye na riƙe da igiyar ragonsa, ragon kuwa sai zagaye yake yi wuri guda. Karensa Duna na kwance a inuwa. Boka da Sarkin Fawa sun sa ido. Malamin dabbobi ya sauko daga babur.)

TANKO: Yawwa Likita, gara da Allah ya kawo ka. Ragon layyata ne, sati uku ke nan yana ɗawafi babu niyya.

BOKA: Na gaya maka mutanen tsamiya ne suka hau shi. Baƙar kaza da dubu biyar, kafin la'asar sun sauka.

TANKO: Kaza biyu ka ci, Boka. Gudu ma ya ƙara.

BOKA: To ai alamar magani ya fara kamawa ke nan.

LIKITA: Riƙe mini shi da kyau. Kullum ta dama yake juyawa?

TANKO: Kullum. Ko sau ɗaya bai taɓa kuskuren bin hagu ba, rago ne mai tarbiyya. Kai, Likita! Kansa ne ke ciwo, me ya kai ka wajen wutsiya da wannan tsinken?

LIKITA: Zafin jiki nake aunawa. 39, daidai yake, babu zazzaɓi. Da annobar nan ta tumaki da awaki ce, PPR, da ka ga 40 ko 41, ga majina, ga kwantsa, ga gyambo a baki, ga gudawa. Buɗe bakinsa mu gani. Fes. Hancin ma a bushe. Sauran tumakin gidanka fa?

TANKO: Lafiyarsu ƙalau, sun fi ni ci.

SARKIN FAWA: Likita, kada ka wahalar da kanka. Ni da ido nake gane dabba. Wannan ba zai kai magariba ba. Tanko, don zumunci na saya dubu goma sha biyar.

TANKO: Zumuncin nan naka, Sarki, da wuƙa yake yawo.

LIKITA: Karen nan naka ne? Ya taɓa cizon ragon, ko wani mutum? Yana dalalar da miyau, ko muryarsa ta canza?

TANKO: Duna? Ɓarawo ma ya shigo, rakiya yake masa har ƙofa.

LIKITA: Alhamdu lillahi. Da ya ciji wani, sai a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a ruga asibiti, shi kuma a ɗaure shi kwana 10 ana kallonsa. In ya mutu, kansa za a aika cibiyar binciken dabbobi ta Vom, jihar Filato, a duba ƙwaƙwalwar ko haukan kare ne.

TANKO: Kan kare ya tafi Filato a mota? Ni da nake da rai ban taɓa wuce Zariya ba!

LIKITA: Me yake ci?

TANKO: Abin da Allah ya hore. Yawanci dai a mahauta yake wuni.

SARKIN FAWA: Ni nake ciyar da shi, sadaka. Duk kan da na fasa na ga ruwa-ruwa a ƙwaƙwalwar, ba na sayar wa mutane, ina tsoron Allah. Duna nake jefa wa.

LIKITA: Ma sha Allah. A ina yake kashi?

TANKO: Bayan rumbu, inda nake baza harawa.

LIKITA: Ka taɓa ganin wasu farare-farare suna motsi a ciki?

TANKO: Haba Likita, da girmana in tsuguna ina leƙen kashin kare?

LIKITA: To ni na leƙa a madadinka, ga su nan maƙale a gindin wutsiyarsa. Tsila ce. Kare ya ci ƙwaƙwalwar da ke da ƙunshin ruwan nan, tsila ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita da kashi su zauna a harawa. Rago ya ci, tsutsar ta bi jini ta haye ƙwaƙwalwa, ta yi watanni tana kumbura har ta kai ƙwan kaza. Ɓangaren da ta danne, nan yake juyawa. Kawo yatsanka nan, bayan ƙahon dama. Ka ji ƙashin ya ɗan yi taushi?

TANKO: Innalillahi! Ashe kai ne aljanin, Sarki!

SARKIN FAWA: Ni? Karenka ne ya yi kashin!

TANKO: Kai ka ba shi abin yin!

BOKA: Ai abin da na faɗa ke nan. Na ce wani abu ya shige shi.

LIKITA: Tabbaci dai sai an fasa kan. Allura ba ta fitar da shi, kuma dabba mai ciwo a bayyane ba ta layya, je ka tambayi liman. A yanka shi in duba naman, kan kuwa a ƙone shi ko a binne da zurfi.

SARKIN FAWA: A binne kai? Da harshen da komai? Wannan ai almubazzaranci ne.

BOKA: A ba ni shi, mutanena na so.

LIKITA: Mutanenka ba su samu ba. Ga ƙwayar maganin tsila, yau Duna zai haɗiye ta, a ɗaure shi kwana biyu ana ƙone kashinsa. Wa zai tura masa ita a maƙogwaro?

TANKO: Boka mana. Shi da ya ce ko kura ba ta iya huda fatarsa.

(Duna ya yi hamma, haƙora waje.)

BOKA: Layar tana aljihun ɗaya rigar. Ku jira ni, yanzu zan dawo.