Buhun riɗi sai ya hau sikeli, 'yata kuwa da ido aka ƙiyasta ta

Fiye da shekara 20 ke nan ina neman abinci a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a gabashin Sudan, kuma ban taɓa ganin manomin da ya yarda a sayi riɗinsa da ƙiyasin ido ba. Kowane buhu sai ya hau sikeli, mai saye yana kallo, mai kaya yana kallo, dillali yana tsaye a tsakani, idan kuwa ratali ɗaya ya ɓace a kintari (ma'aunan nauyi da muke ciniki da su) sai an jiyo hayaniya har bakin titi. Amma daren Talatar da ta wuce na kai autarmu mai shekara 3 ɗakin gaggawa na wani asibiti a garin nan tana jijjiga, idanunta sun kakkafe, jikinta kamar garwashi, aka tashi zuƙar maganin da zai shiga jininta ba tare da an ɗora ta a kan ma'auni ba.

Wuta ta ɗauke, ana aiki da fitilar waya. Matashin da ke bakin aiki ya tambayi shekarunta bai ɗago kai ba, na gaya masa, ya dube ta sau ɗaya a kafaɗar mahaifiyarta, ya rubuta kilo 15, ya fasa kwalbar allura. Na san ba ta kai haka ba, domin watan jiya aka auna ta a wurin da ake duba yara masu ƙarancin abinci, kilo 11 ne, kuma tun lokacin zazzaɓi bai bar ta ta ƙara ko tsoka ɗaya ba. Na sassauta murya na ce: "Ya dakta, don Allah ba za a auna ta ba? Ba ta kai abin da ka rubuta ba." Ya ajiye sirinjin a kan tebur a hankali, ya haska fitilar wayarsa a fuskata, ya ce: "Ya hajj, kai likita ne?" Na ce a'a, ni mahaifinta ne, kuma na san nauyinta. Ya ce: "To tun da ka san aikin, ga allura nan, yi mata da kanka, ni ina da mutane a layi." Sannan ya juya ga abokin aikinsa ya ce, yadda kowa zai ji, kowane mai sayar da hatsi yanzu ya zama malamin asibiti.

'Yata tana mimmiƙewa a hannun uwarta, kumfa na fita a bakinta, ni kuwa ina tsaye ana koya mini matsayina. Na nuna masa sikelin jarirai da ke kusurwar ɗakin, an jibga masa kwalayen safar hannu, ya ce ya lalace tun bara. Tun bara! Ɗakin da ake kawo yara rai a hannun Allah ya yi shekara guda babu ma'auni, kuma laifin da aka gani a wannan dare shi ne na uban da ya yi tambaya.

Ban yi karatun likita ba, amma haihuwar yara 6 da jinyar su ta koya mini cewa maganin yaro da nauyinsa ake lissafa shi, kilo bayan kilo. Allurar artesunate da ake yi wa mai maleriya mai tsanani miligiram 3 ce a kan kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Maganin tsayar da jijjiga, diazepam, shi ma da nauyi ake ba da shi, kuma idan ya yi yawa numfashin yaro yake raunanawa. Tsakanin 11 da 15 akwai ƙarin da ya haura kashi ɗaya cikin uku. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da irin wannan kuskure a kuɗinsa? Shekaru ba sa faɗin nauyi, balle a wannan zamani da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ramar da yaranmu, har ɗan shekara 4 yake kama da ɗan shekara 2.

Allah ya saka wa wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da alheri. Ita ce ta matso ta ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa: "Baban yarinya, biyo ni da sauri." Ta kai ni ɗakin da ke kusa, na hau sikelin manya ɗauke da yarinyar, na sauka na miƙa ta ga uwarta na sake hawa ni kaɗai, ta cire wannan daga wancan, aka samu kilo 11. Abin bai ci minti 2 ba. Ta koma ta gyara lambar da alƙalaminta, shi kuwa bai ce mata uffan ba, bai kuma dube ni ba.

Da aka sallame mu, a kantin magani aka ƙarasa mini baƙin cikin. An miƙo mini kwalbar farasitamol aka ce cokali ɗaya, na tambaya wane cokali, aka ce cokali dai. Ruwan maganin nan akwai mai miligiram 120 a mililita 5, akwai mai 250, kwalaben kuma suna kama da juna. Yarinya mai kilo 11 ba ta buƙatar fiye da miligiram 165 a sha ɗaya, ga shi mai 250 aka ba ni, babu murfin awo, babu bayani. Uwar da ba ta karanta rubutun kwalba za ta yi ta ɗura wa ɗanta da cokalin shayi ko na cin abinci dare da rana, tana ganin taimakonsa take yi, alhali yawan farasitamol hanta yake lalatawa.

Na san ma'aikatan sun gaji. Na san tun da mutanen Khartum da na Wad Madani suka kwararo garin nan gado ɗaya yakan ɗauki yara biyu ko uku, albashi kuma ba ya zuwa a kan kari. Amma tun kafin a harba harsashin farko muke jin "ba shi rabin ƙwaya" daga bakin wanda bai tambayi nauyin yaro ba, saboda haka kada hukumomi su laɓe a bayan yaƙi. Sikeli ba injin tiyata ba ne. Tun a shekarun 1980 wani likitan Amurka, James Broselow, ya fito da tef mai launuka da ake shimfiɗawa a gefen yaro, tsawonsa ya nuna kimanin nauyinsa da adadin maganin da ya dace. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a rage mummunar cutarwar da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekara 5. Ina wannan kira ya tsaya kafin ya iso ɗakin da aka kai 'yata? Manyan da ke sa hannu a kasafin lafiya suna da kuɗin motoci da na tarurruka, kuma ranar da nasu ɗan ya yi zazzaɓi jirgin Alƙahira ko na Jidda suke nema.

Mu ma muna da namu kason. Muna sayen magani a tebur a cikin rana, muna ba ƙane ragowar kwalbar yayansa, muna sunkuyar da kai gaban farar riga kamar tambaya rashin kunya ce, idan yaro ya rasu kuma mu ce kwana ne ya ƙare, babu mai komawa ya bincika abin da aka zuƙa a sirinji. Attajiranmu na kasuwa suna sabunta sikelin rumbunansu duk kaka, babu wanda ya taɓa tunanin kai guda ɗaya ɗakin yara. Kwana 2 muka yi ana yi wa autarmu allura a wannan asibiti, na ga an kawo yara sun fi 10 a gabana, ban ga an auna ko ɗaya ba, kuma ranar da muka fito kwalayen safar hannu suna nan a kan sikelin yadda na same su.