An Karɓi Kuɗin Shimfiɗaɗɗen Fili, An Ajiye Mu a Kan Gangare

Har yanzu raina a ɓace yake game da abin da wani sansanin masu yawon buɗe ido ya yi mana a yankin Lake District da ke arewa maso yammacin Ingila. Na ɗauki hayar mota mai ɗakin kwana, irin wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba, domin in kai iyalina da mahaifiyata hutu. Tun kafin mu baro Manchesta na biya ƙarin kuɗi don a ba mu shimfiɗaɗɗen fili mai tsakuwa, kuma na rubuta musu ƙarara cewa ina tare da dattijuwa mai ciwon suga, wadda allurarta ta insulin ke buƙatar sanyin firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8.

Da muka isa da yamma, sai ma'aikacin wurin ya nuna mana wata ciyawa jiƙaƙƙiya a gefen tudu, ya ce filayen tsakuwa sun cika, ya juya ya tafi. Ina ɗora lebur irin na magina a kan teburin motar, kumfar ta gudu can ƙarshe ta maƙale.

Wanda bai taɓa kwana a irin wannan mota ba zai ɗauka magana ce ta jin daɗi kawai, alhali ba haka ba ne. Firijin da ke cikinta ba shi da injin matsa iska irin na gida. Zafi ne ke tayar da sinadarin amoniya sama, sannan ruwan ya gangaro ta cikin bututu da nauyin kansa, saboda haka idan motar ta karkace fiye da 'yan digiri kaɗan, ruwan yakan taru a wuri guda, sanyi ya tsaya, wani lokaci ma firijin ya lalace gaba ɗaya. Duk mai gudanar da sansani ya san wannan. Sana'arsu ce, daga gare ta suke ci.

Na fito da matakalan roba guda biyu da ake hawar da tayoyi a kansu, na jera su a gaban tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa. Matata tana tsaye cikin yayyafi tana ɗaga mini hannu, ni kuma ina taka totur a hankali. Motar da tayoyin gaba take ja, ga nauyi, ga ƙasa ta sha ruwa, don haka maimakon taya ta hau, sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya tana watsa laka, matakalar kuma tana nutsewa. Sau biyar ina yin ribas ina sakewa, har warin kuloci ya cika motar. Ko da na samu ta hau matakin ƙarshe, na ja birkin hannu, na sa waigi, kumfar nan ba ta dawo tsakiya ba.

Na koma ofis na roƙi a bar ni in matsa gaba kaɗan, inda ƙasar ta fi daidaita. Aka ce ba zai yiwu ba, domin dokar kariya daga gobara ta ce a bar mita 6 tsakanin mota da mota. Ban ƙi dokar ba, tana da amfani. Amma wa ya yanka filayen ta yadda bin dokar zai tilasta wa mutum zama a karkace? Na ce to bari in juya kan motar, sai ya zama wayar lantarkina mai mita 25 ba za ta kai turken wuta ba. Ko katako ɗaya ba su ba ni aro ba, a yankin da kowa ya san ruwan sama ba ya yankewa, inda kwarin Borrowdale kan samu sama da milimita 3,000 a shekara.

Haka muka kwana. Ruwan wanka ya ƙi bin magudana, ya taru a kusurwa har ya malalo. Ƙofar banɗaki tana buɗe kanta. Hajiya ta yi sallar isha'i a zaune tana riƙe da gefen gado, ta ce mini: "Ɗan nan, kada ka tayar da hankalinka saboda ni." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Da asuba na taɓa cikin firiji na ji shi da ɗumi, dole na fita neman ƙanƙara don allurarta.

Na rubuta musu ina neman a mayar mini da kuɗin filin tsakuwar da ban samu ba. Mako uku ke nan, ko amsa ba su ba ni ba, kuma gobe zan sake rubutawa tare da hoton lebur ɗin.