Ƙarfin sauti kaɗai ba ya gano jirgin ƙarƙashin ruwa

Da yawa suna zaton idan na'urar sona, wadda ke gano abubuwa a ƙarƙashin ruwa ta hanyar amsa-kuwwar sauti, ta ƙara ƙarfin sautin da take aikawa cikin teku, dole ta gano jirgin da ya ɓuya. Ba haka ba ne, musamman a ruwa marar zurfi irin na Tekun Fasha, inda zurfin bai kai mita 100 ba a yawancin wurare. Sautin yakan bugi ƙasan teku da saman ruwa, ya dawo ta hanyoyi daban-daban, wani da wuri, wani a makare, amsa-kuwwar jirgin ta cakuɗe da ta yashi da duwatsu. In an ƙara ƙarfi, hayaniyar ma sai ta ƙaru daidai gwargwado. Shi ya sa injiniyoyi ke sarrafa siffar sautin kansa, don su gane shi idan ya dawo a jirkice.